Yoyon Mai a Tsohuwar Tarakta: A Nemo Tushensa Kafin a Ɗauki Sifana

 Yau zancenmu a kan tsohuwar tarakta ne, ko tantan kamar yadda wasunmu ke kiranta, da kuma wannan baƙin tabo da take bari a ƙasa duk inda ta kwana.

Akasarin taraktocin da ke yi mana kaftu da haro da jan tirela ba sababbi ba ne. Akwai Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, da 'yar'uwarta 165, da 290, da Ford 5000. Akwai Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat da aka riƙa harhaɗawa a Kano. Ko 375 da 385 da ake shigowa da su daga Pakistan, tsarin jikinsu na da ne. Waɗannan injina sun yi aiki, kuma za su ƙara yi idan aka kula da su. Abin da ke damuna shi ne maganar da ta zama ruwan dare a garejinmu da gonakinmu: wai tsohuwar tarakta dole ta yi yoyo, magani kawai a riƙa ƙara mai. Ban yarda da wannan magana ba. Kowane yoyo yana da wurin da ya fito, yana kuma da dalilin fitowarsa, kuma sau da yawa dalilin ƙaramin abu ne da ba ya cin kuɗi.

Bari mu ɗan yi lissafi. A ƙiyasi, ɗigo 20 ke yin mililita 1. Idan inji yana ɗigar da mai ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, aikin awa 10 zai cinye abin da ya kusa lita 2. Injin Perkins mai silinda uku da ke cikin 135 kuwa, baƙin man da yake ɗauka bai wuce lita 6 zuwa 7 ba. Ke nan kwana biyu na aiki sun isa su kwashe rabin man. Direba ya manta bai duba geji ba rana ɗaya, a tsakiyar damina, ga manoma sun biya kuɗin haro suna jira, sai a ji inji ya buga. Kuɗin da za a kashe a nan ya ninka kuɗin gaskit sau da yawa, ga kuma asarar lokacin shuka da ba ya dawowa.

To daga ina za a fara? Daga wanki. Tsohuwar tarakta takan ɗauki laka mai kauri ta ƙura da mai, wadda ta shekara da shekaru tana taruwa. Ba wanda zai iya gano tushen yoyo a cikin wannan laka, komai ƙwarewarsa. A bari inji ya huce, a kankare lakar, a goge da kananzir ko man gas da buroshi, sannan a wanke da ruwa da sabulu. Kada a yi amfani da fetur, domin tartsatsi ɗaya daga batir ya isa ya tada gobara. A rufe bakin shaƙar iska da janareto ko altaneta da leda kafin a zuba ruwa. Idan ta bushe, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta, a tada inji ya yi zafi, a ɗan zagaya da ita, a dawo a tsaya a kan kwalin.

Sai dai a kula, inda mai ya ɗiga ba lallai ne nan ya fito ba. Kamar ɗakin soro ne da damina: ruwa yana ɗiga a tsakar ɗaki, amma tsagar tana can kusa da indararo. Mai yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, iskar fanka kuma tana kora shi daga gaba zuwa baya. Don haka a bi sawunsa da tocila zuwa sama, har a kai wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Idan ido ya kasa, a barbaɗa hodar jarirai a wurin da ake zargi. Farar hoda za ta nuna layin man ƙarara cikin 'yan mintuna.

Kwalin nan kuma zai gaya maka wane irin ruwa ne ke zuba. Baƙin man injin gas baƙi ƙirin yake zama jim kaɗan bayan an zuba shi. Man giya da na haidirolik yakan riƙe launin zuma, wani kuma yana da wari mai ƙarfi. Man gas ba shi da kauri, kuma hanci ba ya ɓatan warinsa. Idan ka ga mai ya koma kamar madara, ruwa ne ya shige shi. Wannan bambanci shi ke raba gyaran awa ɗaya da gyaran kwana uku, don haka kada a yi gaggawar wuce shi.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya riƙe daga shirin yau. Kafin ka sayi sil ko gaskit ko ɗaya, duba bututun numfashin inji. Kowane inji, ko sabo ne, akwai ɗan hayaƙi da ke ratsa ringin fistin ya sauka ƙasa wajen mai. Masu ƙera inji sun san da haka, shi ya sa suka yi masa bututu da ke fitar da wannan hayaƙi waje. A yawancin tsofaffin taraktoci za ka gan shi ya taso daga murfin saman inji ko gefensa, ya leƙa ƙasa, bakinsa a buɗe. Idan bututun nan ya toshe, hayaƙi ya rasa hanya, sai ya matsa wa mai, man kuma ya nemi duk inda ya fi rauni ya fita: sil ɗin gaba, sil ɗin baya, bakin geji, ko'ina. A nan ne za ka ga tarakta tana yoyo ta wuri huɗu ko biyar lokaci guda, mai ita ya ɗauka ta gama yawo.

Me ke toshe shi a ƙasarmu? Laka ta fadama, da ƙurar hunturu da ta haɗu da tururin mai ta daskare, sannan zanzaro. Tarakta ta yi watanni a ajiye da rani, zanzaro ya samu rami mai inuwa, ya cika shi da ginin laka. Damina ta faɗi, an tada inji, sai yoyo ta kowane gefe. Sau da yawa maganin bai wuce a cire bututun, a zura waya, a wanke da kananzir a mayar ba. Wanda bai duba wannan ba ya sa sabon sil, sabon ma zai fashe, domin abin da ya fasa tsohon yana nan.

Idan kuwa bututun a buɗe yake, amma yana ta feso hayaƙi da ƙarfi, ko ka buɗe murfin zuba mai ka ji yana huci a tafin hannunka, to labari ya sauya. Ringi da silinda sun cinye. Galibi ƙura ce ta cinye su, ta hanyar matatar iska da aka yi sakaci da ita. Tsofaffin taraktoci da yawa matatar iskarsu mai kwanon mai ce, kuma a lokacin ƙura ana so a duba kwanon nan kullum, a zubar da laka a sa sabon mai daidai layinsa. Injin da ya kai wannan hali ba gaskit yake nema ba, sauke shi za a yi a sa sababbin ringi. Gara mai tarakta ya ji wannan tun yanzu, ya fara tara kuɗi, da a riƙa karɓar kuɗinsa ana liƙe-liƙe.



Masu sauraro, har yanzu muna kan batun yoyon mai a tsohuwar tarakta. Bari mu bi ƙananan wurare da sauri. Murfin saman inji yana zaune ne a kan gaskit mai laushi, wanda zafi ke busarwa har ya tsage. A sa sabo, a ɗaure noti a hankali. Yawan ɗaurewa lanƙwasa murfin yake yi, yoyon ya ƙaru. Notin juye mai na ƙasa yana da washa ta jan ƙarfe, a sake ta idan ta baje. Filtar mai irin ta da, mai gwangwani, tana da zoben roba a cikin kwarminta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora sabon zobe a kan tsohon da ya maƙale a ciki, kuma roba biyu ba sa riƙe mai. A ciro tsohon da tsinin waya tukuna. Sai siririn bututun da ke kai mai zuwa agogon da ke gaban direba, shi ma girgiza takan tsaga shi.

Sil ɗin gaba, wanda ke bayan fulin fanbel, yana da wata matsala tasa. Shekaru suna sa leɓen sil ya yi wa ƙarfen fulin zobe, har ka ji shi da farce. Sabon sil a kan wannan zobe ba zai riƙe ba. Ko dai a zaunar da sil ɗin ɗan gaba ko ɗan baya don leɓensa ya hau lafiyayyen wuri, ko a sa wa ƙarfen siririyar riga, ko a sake fulin.

Yanzu mu zo wurin da ake asarar kuɗi mafi yawa. Tsakanin inji da giya akwai gidan kuloci, kuma a ƙasansa akwai ɗan rami. A Massey Ferguson za ka ga wani ɗan fil yana reto a cikin ramin. Ba kuskure ba ne, ba kuma wani abu ne ya kwance ba. An sa shi ne don ya riƙa motsi ya hana datti toshe ramin. Gidan kuloci busasshe ake so ya kasance, ramin nan kuma shi ke fitar da duk man da ya shiga. Na sha ganin inda aka toshe shi da tsinke ko gam, wai an tsayar da yoyo. Ba a tsayar da komai ba. An tara man ne a ciki har ya kai ga farantin kuloci, daga nan kuloci ya fara santsi, tarakta ta kasa jan garma. Don Allah a bar ramin nan a buɗe.

Launin man da ke fita ta nan shi zai faɗa maka gefen da matsalar take. Baƙi ƙirin, daga bayan inji yake, wato sil ɗin karanshaf. Mai haske, daga giya yake, wato sil ɗin shaf ɗin da ke shiga giya. Kowanne daga ciki aka ce za a sake, dole a raba tarakta gida biyu. Wannan babban aiki ne. Shi ya sa nake roƙon makanikai, kafin ku ce wa mai tarakta za a tsaga ta, ku leƙa bayan kan inji. Man da ya tsiyayo daga bayan murfin sama, ko daga bututun da ke kai mai can sama, yakan gangaro ta bayan inji ya taru daidai wannan wuri, ya yi kama da yoyon sil ɗin baya. An sha tsaga tarakta a kan gaskit ɗin da yaron gareji zai iya sakewa kafin azahar.

Idan ta tabbata sai an tsaga, to a yi shi a kan daɓen siminti ko ƙasa mai tauri, ba a kan yashi ba. A sa waigi a tayoyin baya. Muhimmi kuma, a cusa waigin katako a gefe biyu tsakanin aksul ɗin gaba da jikin tarakta, domin aksul ɗin gaba a kan fil ɗaya yake lilo, kuma da zarar an raba ta, inji zai iya kifewa gefe ya danne mutum. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, a tokare da manyan katakai. Bulo na siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Tunda kuma an riga an buɗe, a sake sil ɗin inji da na giya gaba ɗaya, a duba farantin kuloci da boris ɗinsa. A jijjiga karanshaf a gani, domin idan mital ɗinsa ya cinye yana wasa, sabon sil ba zai daɗe ba. Tsofaffin injinan Perkins wasunsu igiya ce ke riƙe man baya, guda biyu, sama da ƙasa. Ita wannan a jiƙa ta da mai, a danna ta cikin kwarminta sosai, a bar ɗan tsini kaɗan a bakunanta don su haɗe idan an ɗaure.

Sa sil kansa yana da ladabi. Gefen da ke da ɗan sifirin shi ke fuskantar mai. A shafa wa leɓensa mai kafin a sa. Idan shaf ɗin yana da haƙora, a naɗe su da leda ko salatif don kada su yanki leɓen. A shigar da shi daidai, da guntun bututu mai faɗinsa, ba a riƙa dukan gefe ɗaya da guduma ba. Game da gam ɗin gaskit kuwa, ɗan shafe ya isa. Wanda aka lafta, rabinsa ciki yake matsewa, ya gutsuttsure, ya je ya toshe rariyar famfon mai. Mai neman sil a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar da ta fi kusa da shi, ya tafi da tsohon a hannu. Lambobin da ke jikinsa faɗin ciki ne da faɗin waje da kauri. A sayi mai kyau ko da ya fi tsada, domin wahalar aikin ta fi kuɗin sil ɗin nesa ba kusa ba.

Bayan tarakta kuma nasa sha'anin daban ne. A Massey Ferguson, giya da haidirolik da aksul ɗin baya duk mai ɗaya suke sha, kuma ya haura lita 20. Idan ka ga cikin wilin baya ya jiƙe, sil ɗin aksul ne ya saki. A taraktoci masu busasshen birki irin 135, man nan kai tsaye kan birki yake sauka. Tarakta mai jan tirela cike da buhunan masara, birkin gefe ɗaya ya jiƙe, a kan gangare ko a hanyar kasuwa, wannan ba maganar asarar mai ba ce kuma, maganar rai ce. A sake sil, a duba boris, a sake fatar birkin ma. Ƙona ta da wuta ba ya fitar da man da ta sha. A kuma tabbata ba a cika man giya ya wuce layi ba: a auna shi tarakta tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, hannayen ɗaga garma suna ƙasa. Robar da ke gindin sandar giya idan ta yage, ruwan sama ta nan yake shiga, man ya ƙaru ya koma fari. Shaf ɗin baya mai juya injin casa ko famfo, shi kuma igiya da ciyawa ke naɗe shi su cinye sil ɗinsa, kuma ba a taɓa shi sai an kashe inji.

Ga gargaɗi a kan tiyon haidirolik, ina so direbobi da yaran gareji su saurara da kyau. Ƙarfin man da ke cikinsa yana haura bar 150. Idan tiyo ya yi ɗan huji kamar na allura, man da ke fita ba ya ganuwa sosai, amma yana iya huda fata ya shige cikin nama. Kada ka taɓa laluben yoyo da yatsa inji yana aiki. Riƙe kwali ka bi jikin tiyon da shi. Idan tsautsayi ya sa man ya shiga hannun wani, a kai shi asibiti nan take, ko da raunin bai fi cizon sauro girma ba, a kuma gaya wa likita man haidirolik ne. Jinkirin 'yan awoyi kan jawo a rasa yatsa ko hannu. Kafin a kwance kowane tiyo, a sauke garma ƙasa, a kashe inji, a motsa libobi don ƙarfin ya sauka.

Akwai abubuwa biyu da ke ruɗar mutane. Na farko, baƙin ruwa da ke tsiyaya daga mahaɗar salansa. Sau da yawa ba baƙin mai ba ne, gas ne da bai ƙone ba ya haɗu da kunkunniya, saboda an bar inji yana sulo na tsawon lokaci ba lodi. A ba ta aiki mai nauyi na 'yan awoyi a gani, yakan bushe. Na biyu ya fi haɗari, domin shi yoyo ne na ciki. Ka ciro geji ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin gas. Wannan gas ne ke zuba cikin baƙin mai, ko ta fatar ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki, ko ta sil ɗin gaban injekta. Tsinkakken mai ba ya kare mital, kuma yana fita ta kowane sil. A tsayar da aiki, a gyara, a juye man duka da filtarsa.

Ba ina cewa kowane danshi sai an kwance inji ba. Wurin da ke ɗan naso, ƙura ta manne, amma ba ya ɗiga kuma geji ba ya sauka, a sa masa ido kawai har a gama aikin damina. Wanda ba ya jira shi ne mai ɗiga, da mai kusa da birki ko kuloci, da mai zuba a kan salansa mai zafi. Tsohon man da aka juye kuma a tara shi a jarka. Kada a zuba a magudanar ban ruwa ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a kan ciwo ko kaska, domin guba ne.

Alhaji mai tarakta, malam direba, roƙona gare ku shi ne kada ku jira sai hadari ya haɗu manoma sun yi layi a ƙofar gida. Cikin makon nan ku wanke tantan ɗinku, ku zura waya a bututun numfashinta, ku kwantar mata da kwali, da safe ku duba abin da ya ɗiga kafin ku kira bakanike.  Allah ya ba mu damina mai albarka.